KOGIN DA KE CIKA YA ƘAFE

Darasin wannan wata: Komadugu Yobe da fadamunsa

Abin karantawa: Ayuba 6:14-21, I Sarakuna 17:1-9, Farawa 26:17-25.
Aya ta haddacewa: Filibiyawa 2:4.

Cikin Littafi Mai Tsarki mu kan gamu da labarin rafuffuka waɗanda su kan cika wani lokaci, wani lokaci kuwa su ƙafe ƙaf. Mutanen ƙasashen da kogunansu ba su yankewa su kan sha wuyar gane irin waɗannan ayoyi, sai an yi musu dogon bayani. Mu kam ba mu bukatar tafinta, gama irin rafuffukan nan suna bayan gidajenmu. Da damina ko babban mutum ba ya iya ƙetare su, da bazara kuwa yaro ya kan kora jaki ta cikinsu.

Cikin darasin nan za mu ɗauki babba guda daga cikinsu, mu bi shi tun daga mafarinsa har inda ya ƙare. Sunansa Komadugu Yobe. Komadugu kalmar Barebari ce, ma'anarta kogi. Mun zaɓe shi domin da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida suna zaune a ƙasashen Filato da Bauci da Kano, watau a kan kogin, ba su kuwa san inda ruwan da ya wuce ƙofarsu ya ke zuwa ba, balle su san wanda ya ke jiransa.

1. Inda ruwan ya ke fitowa

Manyan koguna biyu ne su ke haifar Komadugu Yobe. Na fari shi ne kogin Haɗejiya. Shi ma gamayyar biyu ne, kogin Kano da kogin Calawa. Su kan gamu kudu da birnin Kano kafin a kai Wudil, daga nan su zama ɗaya, su nufi gabas maso arewa ta ƙasar Ringim da ta Auyo har Haɗejiya. Na biyu shi ne kogin Jama'are, wanda ya taso daga duwatsun Jos. Rafin Dilimi da ya ratsa garin Jos ɗaya ne daga cikin iyayensa. A ƙasar Bauci a kan kira shi Bunga, sa'an nan ya wuce ta Jama'are ya nufi Katagum.

Waɗannan ƙasashe na sama su ke da ruwan sama mai yawa. A Jos a kan sami kamar milimita 1,300 a shekara, ko fiye. A Nguru kuwa, can arewa, abin da a kan samu kamar 500 ne. Ƙasar sama kuma dutse ne a ƙarƙashinta, ruwa ba ya nutsewa da yawa, sai ya gangara da sauri ya faɗa rafi.

Ga dalili na fari da ya sa kogin ya ke ƙafewa. Ba shi da wani babban marmaro da zai riƙa ciyar da shi dukan shekara. Ruwan sama kaɗai ne abincinsa, ruwan saman kuwa na 'yan watanni ne, mafi yawansa cikin Yuli da Agusta da Satumba. Sa'an da sama ta ɗauke, rafuffukan sama su kan janye ɗaya bayan ɗaya, har babban kogin ya rasa mai ba shi.

2. Inda kogin ya ke rarrabuwa

In an wuce Wudil kaɗan, sai ƙasa ta sake. Dutse ya ƙare, aka shiga yashi da laka waɗanda suka cika babban kwarin Cadi tun zamanin dā. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai. Jos tana bisa tudu kamar mita 1,200 daga bakin teku, tafkin Cadi kuwa kamar mita 280, amma kusan dukan gangaren nan kogin ya riga ya gama shi a ƙasar duwatsu. Daga Gashuwa har Cadi, tafiyar ɗaruruwan kilomita, abin da ƙasa ta sauka bai kai mita 100 ba. Kogin da ya fito da gudu kamar doki, a nan sai ya koma tafiyar raƙumi.

Akwai kuma wani abu a gabansa. Dubban shekaru da suka wuce hamada ta taɓa saukowa har wannan ƙasa, iska ta tara yashi dogaye dogaye, kamar kunyoyin gona, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Yanzu ciyawa da itatuwa sun kama su, ba su motsi. Su ne jigayin da Jihar Jigawa ta sami sunanta daga gare su. Sa'an da ruwa ya iso, ba shi da ƙarfin da zai yanke su, sai ya bi tsakaninsu ya rarrabu. Kafin a kai Haɗejiya wani reshe ya kan ɓalle, shi ne kogin Kafin Hausa. Bayan Haɗejiya kuma ragowar ta kasu uku: Tsohon Kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da Marma wanda ya ke zuba cikin tafkin Nguru. Kogin Jama'are shi ma haka ya ke yi a wajen Katagum. In damina ta yi albarka, duk waɗannan rassa su kan tumbatsa, ruwa ya malale tsakanin jigayi, garuruwa su zama kamar tsibirai. Wannan ita ce fadamar Haɗejiya da Nguru. Cikin shekarun 1960, a shekara mai kyau ruwa ya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000.

To, ina wannan ruwa duka ya ke zuwa? Ya kan kasu uku. Kashi ɗaya rana da iska da tsire-tsire su shanye, gama a wannan ƙasa abin da rana ta ke iya ɗauka a shekara ya ninka abin da sama ta ke bayarwa. Kashi ɗaya ya nutse cikin yashi. Ragowar ta taru kusa da Gashuwa ta zama kogi ɗaya, daga nan ne a ke kiransa Yobe. Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa kogin ya ke ƙafewa: yana rarraba kayansa a hanya.

Wanda ya auna ruwa a Wudil, ya sake aunawa a Gashuwa, zai ce an yi hasara mai yawa. Amma bari mu duba mu gani ko hasara ce.

3. Shekarar fadama

Da ruwan fari manomi ya kan shuka gero da dawa a tudu, ya shuka shinkafa a kwari. Shinkafar ta kan tsiro da ruwan sama, kafin ruwan kogi ya iso cikin Agusta ta riga ta yi ƙarfi, sai ta riƙa tashi tare da shi. Kifi kuma ya kan fita daga kogi ya bi ruwan cikin ciyawa, can ya ke yin ƙwai, can 'ya'yansa su ke samun abinci da wurin ɓuya.

Da kaka ruwa ya fara janyewa. Kifin da ya yi ƙiba a fadama ya nemi komawa kogi, masunta kuwa suna jiransa a bakin hanyoyi da taru da gora. Su kan kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, a yi banda a kai kasuwannin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa, daga can har kudu. Mutanen Bade suna da bikin kamun kifi a Gogaram, wanda ya yi suna. Bayan ruwa kuma manomi yana biye. Duk inda laka ta bayyana ya kan shuka wake da sauran abin da danshi zai isa ya nunar da shi, ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Da sanyi ya shigo sai noman rani: alkama, albasa, tumatir, tattasai.

Da rani ya yi nisa, daji ya bushe, sai Filani su gangaro da shanu. Ciyawar burugu da ta girma cikin ruwa tana nan, ga karan gona, ga mashaya. Shanu su ci, su bar taki. Mata su yanki kabar goriba su saƙa tabarma da faifai. Ga shi, fili ɗaya ya ciyar da masunci da manomi da makiyayi cikin shekara ɗaya, kowa da lokacinsa. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne zuwan ruwan da kuma tafiyarsa. Da bai zo ba, da babu kifi da shinkafa. Da ya zo ya zauna, da babu wake da kiwo.

Ba mutum kaɗai ya ke ci a nan ba. Banda dinya da kirinjijiya da zalɓe waɗanda mu ke tare da su, akwai agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye dubbai da su kan gudo wa sanyin Turai da Asiya, su ƙetare hamada, su sauka a nan wajen Oktoba, su koma wajen Maris. Annabi Irmiya ya lura da irin wannan, ya tsauta wa mutanensa da cewa tsuntsaye sun san lokacin zuwansu, su kuwa ba su san shari'ar Ubangiji ba (Irmiya 8:7). Saboda tsuntsayen nan da sauran albarkar wurin, a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, shi ne na fari a Nijeriya. Dagona da Baturiya suka bi a 2008.

Akwai kuma gaiwa. Sa'an da kududdufi ya fara bushewa, ita ba ta bin sauran kifi. Ta kan nutse cikin laka, ta naɗe, ta rufe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofa ta numfashi, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya komo. Mai wucewa ya ga busasshiyar ƙasa ta tsattsage, bai sani ba akwai rai a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ruwan da ya nutse cikin yashi fa? Shi ne ya ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye, har waɗanda ba su ganin kogin da ido. Shi ne kuma a kan tarar in an tona yashin kogi da bazara. Hausawa suka ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ashe abin da mai awo ya kira hasara, shi ne abincin jama'a.

4. Daga Gashuwa zuwa Cadi

Daga Gashuwa kogin ya kan bi gabas ta Gaidam da Damasak. Kusa da Damasak ƙanensa Komadugu Gana, wanda ya fito ta ƙasar Misau, ya kan same shi in yana da ruwa. A wannan yanki ne sarakunan Barno suka gina Birnin Gazargamu cikin ƙarni na 15, ya zama babban birninsu har aka ci shi da yaƙi a 1808. Can gaba kogin ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, ya wuce Difa, garin da ya yi suna da jan tattasai, ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso.

Saboda jinkirin da ya yi a fadama, cikar kogi ba ta kaiwa Difa sai wajen Nuwamba ko Disamba, bayan an daɗe da ɗauke ruwan sama. Watau ruwan da ya sauka a Jos cikin Agusta, shi mutumin Difa ya ke ban ruwa da shi kusa da Kirsimati. Bayan 'yan watanni kogin ya tsinke, ya bar tafkuna nan da can, sai kuma wata shekara.

Ruwan Yobe ba ya ganin teku har abada. Cikin wannan ya yi kama da kogin Urdun, wanda ya ke ƙarewa cikin Tekun Gishiri. Amma ga bambanci. Tekun Gishiri ba shi da wata mafita sai rana, gishiri ya taru a ciki har kifi ba ya rayuwa. Tafkin Cadi shi ma ba kogin da ke fita daga cikinsa, duk da haka ruwansa na sha ne, gama wani kashi yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa, yana tafiya da gishirin.

5. Abin da ya sake

Abu biyu suka taɓa wannan shiri. Na fari fari ne. An yi babban fari a 1973, aka sake yi a 1984. Tafkin Cadi, wanda ya kai kamar murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu ƙwarai cikin shekarun nan, ko da ya ke daga baya ya ɗan farfaɗo.

Na biyu aikin hannun mutum ne. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga bisa kogin Kano, a 1992 aka gama ta Calawa kusa da Ƙaraye. Tsakaninsu suna riƙe da kamar kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Kada mu raina amfaninsu. Birnin Kano yana sha daga gare su, gonakin Kadawa da Kura kuma suna ba da shinkafa da tumatir rani da damina. Amma madatsa ta kan riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan dukan shekara. Saboda haka cikar fadama ta ragu, har cikin shekarun 1980 da farkon na 1990 sau da yawa ba ta kai murabba'in kilomita 1,000 ba. Hanyoyin da dā su kan bushe da rani kuwa suka daina bushewa.

Nan ne ciyawar kacala ta sami wurin zama. Dā rani ya kan kashe ta. Da ruwa ya zauna sai ta yaɗu, ta kama laka, ta toshe hanyoyi. Tsohon Kogin Haɗejiya ya toshe, ruwa ya karkata zuwa Marma da tafkin Nguru. Waɗansu gonaki suka nutse shekara da shekaru, waɗansu kuwa suka rasa ruwa sam. Jan baki ya sami maɓoya cikin kacala, yana fita yana cinye hatsi. Daga shekarun 1990 ruwan da ya ke kaiwa Gashuwa ya zama kusan duka na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba. Shi ya sa mutanen Yobe da Barno su ke jin tsoron madatsar Kafin Zaki da aka fara a ƙasar Bauci ba a gama ba. Masana da suka yi lissafi cikin shekarun 1990 sun tarar ruwan da aka bari ya malale a fadama ya fi kawo amfani, in an haɗa kifi da noma da itace, bisa ga ruwa daidai wannan da aka kai manyan gonakin ban ruwa.

Toshewar hanyoyi kuma ta kan ƙara ɓarna a shekarar ruwa mai yawa, kamar yadda aka gani cikin ambaliyar 2022 a Jigawa. Inda fili mai kyau ya ragu kuma, manomi da makiyayi waɗanda dā su ke bin juna sai su haɗu wuri ɗaya, lokaci ɗaya, faɗa ya tashi.

6. Abin da za mu koya

Na fari, ƙafewar rafi ba alama ce Allah ya manta da mu ba. Ubangiji da kansa ya aiki Iliya zuwa rafin Kerit, rafin kuwa ya ƙafe a gabansa. Amma kafin ya ƙafe an riga an shirya masa gidan gwauruwa a Zarefat. Mun ga fadama tana bukatar rani kamar yadda ta ke bukatar damina. Mai bi wanda ya ke cikin ranin rai, ya tuna da gaiwa, ya bar ƙofar addu'a a buɗe, ya jira.

Na biyu, abin da aka bayar a hanya bai ɓace ba. Ekklesiya wadda ta ke aika mai bishara, ta ke ciyar da marayu, baitulmalinta ba zai cika kamar na wadda ta riƙe kome ba. Amma mu tuna da tafkunan nan biyu, mu tambayi kanmu wanne ne a ke shan ruwansa.

Na uku shi ne mai nauyi. Ayuba ya kamanta abokansa da rafin da ayarin Tema da na Sheba suka sa zuciya gare shi, suka iso da ƙishi suka tarar da yashi. Ba laifi ga rafi in ya ƙafe a lokacinsa, amma akwai laifi ga mutum in ya ƙafe wa ɗan'uwansa. Kogin nan ɗaya ne daga Jos har Boso, wanda ya ke sama kuwa amana ce a hannunsa. Mafi yawan mazaunan fadama ba 'yan ekklesiyarmu ba ne, ba kuma yarenmu ɗaya da waɗansunsu ba. Akwai Hausawa, da Bade, da Manga, da Barebari, da Filani. Waɗanda su ke ƙasan kogin, wajen Damasak da Boso, sun kuma sha wuyar tashin hankali tun daga 2014, da yawa suka bar gonakinsu. Amma Ubangiji Yesu ya riga ya amsa mana tambayar wane ne maƙwabci cikin Luka 10. In mutum yana shan ruwan da ya wuce ta ƙofarka, maƙwabcinka ne ko ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada a sami mai bi yana tare rafi domin gonarsa kaɗai, ko yana zuba guba domin ya kama kifi, ko yana zubar da ƙazanta inda waɗansu za su ɗiba. Kada ya nome burtali ko ya shinge mashaya. In an kira gayyar yankan kacala ko gyaran hanyar ruwa, a same shi a gaba. In Allah ya ba ɗanmu aiki a ofishin da a ke raba ruwa, mu tuna masa da mutumin Gaidam. Makiyayan Ishaku da na Gerar sun yi faɗa bisa rijiya cikin kwari irin namu. Ishaku yana da ƙarfin da zai yi gardama, amma ya matsa ya tona wata, har sau biyu, ta ukun kuwa ba wanda ya yi jayayya a kanta. Daga baya sarkin Gerar da kansa ya zo neman sulhu, domin ya ga Ubangiji yana tare da shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna biyu ne su ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, daga ina kuma kowanne ya taso?
2. Ka faɗi dalilai biyu da suka sa kogin ya ke ƙafewa.
3. Don me kacala ta yaɗu bayan an gina madatsun ruwa?
4. Rafin da ya ke kusa da garinku, ina ya ke zuwa? Su wane ne su ke sha a bayanku?
5. Wane abu ɗaya ekklesiyarku za ta iya yi dominsu kafin damina mai zuwa?

Abin addu'a: Mu gode wa Allah domin damina da rani. Mu roƙa domin manoma da masunta da makiyaya na fadamar Haɗejiya da Nguru, su zauna lafiya da juna, da kuma shugabanni masu rabon ruwa, su yi shi da gaskiya da tsoron Allah.